Wa Zai Riƙe Mabuɗin Ɗakin Sanyi?

Ƴan uwa mazauna bakin iyaka, tun daga Gaya zuwa Ƙwanni da Madawa, Ɗan Isa da Madarumfa, Matamai da Magariya har Dungas.

Ranar 13 ga Disamba na 2020 aka zaɓi kansilolin kwamin da na jiha, ranar 27 kuma aka yi zaɓen shugaban ƙasa da ƴan majalisar dokoki. Kafin nan kunnuwanku sun cika da zancen titi, da tsaro, da taki. Duk suna da muhimmanci. Amma a wannan takarda muna so mu tsaya kan wata magana da ba a yi mata waƙa a filin kamfe, alhali tana cin aljihun kowane gida safe da yamma: zafi da sanyi. Wutar da kuke girki da ita, ruwan zafin mai jego, ƙanƙarar buɗa-baki, firjin da ke riƙe allurar rigakafin yaranku. Wa ke da su? Wa ke yanka musu farashi? In sun lalace, wa ake tambaya?

Cikin watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakarta, ta kuma yi wata goma sha biyar da ɗoriya a rufe. Ba sai an ba ku labari ba. Mai wake da mai aya sun sha wuya, amma sun iya ɗaure buhu su jira. Mai tumatir a Jiratawa ko a gandun noman rani na Ƙwanni bai da wannan gata. Kayansa kwana biyu ko uku ne a kwando, daga nan sai ruwa da ƙuda. Mai kifin tafkin Madarumfa ya fi shi gaggawa, mai nono kuwa kafin azahar hukuncinta ya fito. Duk ɗan kasuwar da ya zo saye ya san haka, shi ya sa ba ya sauri. Sai ya bari rana ta take, sannan ya taya abin da ya ga dama. Manomin da ba shi da wurin ajiya ba ciniki yake yi ba, roƙo yake yi. Rufe iyaka bai ƙirƙiro wannan ciwo ba, tona shi ya yi.

Kuran ɗin da muke dogaro da shi ma daga can yake zuwa. A 2020 mafi yawan wutar da Nigelec ke rabawa daga Najeriya ake sayo ta: layi ɗaya daga Birnin Kebbi zuwa Yamai, wani daga Katsina zuwa Gazawa, wanda shi ke ciyar da Maraɗi da Damagaram. Maƙwabtanmu ƴan uwanmu ne na jini, akwai aure da zumunci tsakaninmu, amma su kansu wutar ba ta isar su. Idan bazara ta kama, zafi ya haura digiri 40, lokacin ne layin ke gajiya, lokacin ne kuma kowa ke bukatar sanyi. Wannan ma ga wanda ke da mita ke nan. A 2020, a faɗin ƙasar nan waɗanda ke samun kuran ba su kai kashi 20 cikin 100 ba, a karkara kuwa abin ya fi haka muni nesa ba kusa ba. Azumin 2020 ya faɗo daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Mayu, kun ga yadda ake ɗauko ƙanƙara a buhu bisa babur daga birni, rabinta ya narke a hanya, a sayar muku da sauran kamar zinariya. Azumin 2021 ma cikin Afrilu ya kama.

A lokacin sanyi kuma, ɗaya fuskar ce ke gabanmu. Fiye da gida tara cikin goma da itace suke girki. Ku lissafta itacen da ake ƙonawa a wankan jego ɗaya, safe da yamma har kwana arba'in. Ku ƙara da na masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, masu turara shinkafa a Gaya, gidajen burodi, da tsangayu inda almajirai ke kewaye da gargari da asuba. Ku tuna nisan da mata da yara mata ke takawa neman kara da kirare, da hayaƙin madafa da ke zama a ƙirjin uwa da ɗan da ke bayanta.

Abin da ya fi ciwo shi ne, ƙasar nan ta riga kusan kowa a Afirka gane maganin. A 1965 aka kafa ofishin makamashin rana na ƙasa, ONERSOL. Wanda ya jagorance shi shekaru da dama, Farfesa Abdu Mumuni, a Tasawa aka haife shi a 1929, kuma sunansa ne jami'ar Yamai ke ɗauke da shi. A hannunsa aka ƙera na'urorin dafa ruwa da zafin rana a nan cikin gida, da hannun ƴan Nijar. Abin ba tsafi ba ne: akwati ne mai baƙin ciki da murfin gilashi, bututu na ratsa shi, tanki na samansa. Ruwan da ya yi zafi shi ke hawa tanki da kansa, mai sanyi ya sauko ya maye gurbinsa. Babu inji, babu batir, babu gazuwal. Maƙerin da ya iya walda a Maraɗi zai iya haɗa shi in an koya masa. Shekara fiye da arba'in bayan haka, ku zagaya ɗakunan haihuwa na karkararmu ku ƙirga nawa ne ke da shi bisa rufi. Har yau dangin mai haihuwa ne ke zuwa da itacensu, su kafa murhu a bayan likita.

Ba mu ce gwamnatin da ta yi shekara goma ba ta taɓa komai ba. An kafa hukumar kai wuta karkara, ANPER, a 2013. An yi sabuwar dokar lantarki a 2016 wadda ta buɗe ƙofa ga masu zaman kansu. An sassauta kuɗin duwan kan kayan sola a 2017. An buɗe tashar hasken rana ta megawat 7 a Malbaza a 2018. Mun gani, mun kuma faɗa. Tambayarmu ita ce: a cikin duk wannan, mene ne mallakar mutanen gari? Wutar Malbaza cikin layi take shiga, ta bi waya ta wuce ta saman ƙauyukan da ba su da ko ƙwai ɗaya. Ƙofar da dokar 2016 ta buɗe, girman kamfani aka yanka ta, mai lauya da akanta da ofis a Yamai. Ƙungiyar mata arba'in masu sayar da nono ba ta san ma ta inda ake shiga ba. A shekarun nan kuma kowa ya ga inda hankalin masu mulki ya fi karkata: Dosso Soga, Maraɗi Kwalliya, Tawa Sakola, Zinder Sabuwa. An yi fenti, an kafa fitilu a manyan tituna, an yi fareti ranar 18 ga Disamba. Kwalliya kam an yi. Ko ta biya kuɗin sabulu, mai tumatir ne zai ba da amsa.

Me ya sa muke nacewa kan mallaka? Saboda a wannan yanki namu aka yi gwajin da duniya ke zuwa kallo. Dattawa sun tuna lokacin da itacen da ke cikin gonarka ba naka ba ne, na gwamnati ne. Ka sare reshe, ma'aikacin gandun daji ya ci ka tara. To wa zai yi renon abin da zai jawo masa tara? Sai manoma suka riƙa tumɓuke kowane toho tun yana ƙarami, gonaki suka zama fili fetal, iska na kwashe ƙasa. An kashe kuɗi masu yawa wajen dashe, mafi yawan dashen ya mutu. Daga tsakiyar shekarun 1980, bayan yunwar 1984, manoman jihar Maraɗi suka fara sassaben zamani: a bar kututture ya yi toho, a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a rena, a rage sauran. Abin ya bazu ne a lokacin da hannun hukuma ya sassauta, manomi ya tabbata cewa gawon da ya rena shi zai ci moriyarsa. Yau masana na ƙiyasta fili kimanin hekta miliyan 5 da ya farfaɗo, da itatuwa wajen miliyan 200, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram. Wanda ya bi hanyar Matamai zuwa Magariya ya ga gawo iya ganinsa. Ba wani furoje ne ya shuka su ba. Iri ɗaya ne, ƙasa ɗaya, ruwan sama ɗaya. Mai itacen ne kawai ya sauya.

Haka nan kasuwannin itace na karkara da dokar 1992 ta kafa. Ta ba ƙauyukan da ke kewaye da daji, irin na Baban Rafi a kudancin Maraɗi, ikon su sare a bisa ƙa'ida, su sayar wa masu motoci da kansu, su karɓi haraji a wurin. A kasuwar da aka tsara dajinta sosai, rabin harajin na mutanen garin ne. Tsarin ya gamu da matsaloli, an yi sara ba bisa ƙa'ida ba, an yi sakaci da sa ido. Duk da haka ya nuna cewa dokar Nijar ta taɓa yarda ɗan ƙauye ya mallaki makamashinsa ya kuma ci ribarsa. Abin da aka yi wa itace a 1992, shi muke so a yi wa rana.

Ga yadda abin zai kasance a ƙasa. Ɗakin sanyi a bakin kasuwa ko a bakin gandun noman rani, da faifan sola bisa rufinsa. Da rana injin na aiki yana sanyaya ɗaki, yana kuma daskarar da ruwa a wani tanki. Da dare ƙanƙarar nan ce ke riƙe sanyin, don haka ba a bukatar tulin batir, wanda shi ne abin da ya fi saurin mutuwa a zafinmu. Kowane kaya da nasa sanyi. Nono na son a sauko da shi wajen digiri 4 cikin ƴan awoyi bayan tatsa. Allurar rigakafi, da insulin na masu ciwon suga, da allurar da ake yi wa mace don tsayar da zubar jini bayan haihuwa, tsakanin digiri 2 ne da 8. Tumatir ba ya son sanyi mai tsanani, digiri 12 ko kusa da haka ya ishe shi. Albasar Galmi kuwa ba firji take nema ba sam, inuwa take so da iska mai ratsawa, wato a gyara rudu ne a ɗaga shi daga ƙasa. Muna faɗin wannan ne don kada wani ya zo ya sayar wa kwamin ɗinku da injin miliyoyi a inda rumfa mai kyau za ta wadatar.

Ba kowane sanyi ne ma ke bukatar inji ba. A tsallaken iyaka, a Jigawa, malami Muhammad Bah Abba ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Tana aiki sosai da rani da bazara lokacin da iska ke bushe, tana rage ƙarfi da damina. A Dandaji cikin jihar Tawa, Mariam Kamara da abokiyar aikinta sun mayar da tsohon masallaci ɗakin karatu, suka gina sabo da tubalin ƙasa, ginin da ke riƙe sanyinsa a lokacin da azuzuwan siminti da kwano ke gasa yaranmu a lakwal. A Burkina Faso an gina ramukan gas na kashin shanu fiye da dubu goma a gidajen manoma, a yi girki da gas ɗin, a kai ragowar gona a matsayin taki. Kusa da Yamai kuma, a Hamdallaye da Kollo, ƙungiyoyin makiyaya ne ke da cibiyoyin tara nono da tankunan sanyayawa. Mene ne ya hana a ga irinsu a Ƙwanni ko Magariya, inda shanu ba su da iyaka?

Za ku ce a Najeriya akwai kamfani, ColdHubs, da ke kafa irin waɗannan ɗakuna a kasuwanni, inda a baya ake biyan naira 100 kan kowane kwando a yini. Gaskiya ne, kuma aikin kirki ne. Ba mu da faɗa da ɗan kasuwa. Amma kamfani inda riba take yake zuwa, wato babbar kasuwa. Ba zai zo ƙauyen da kasuwarsa ke ci sau ɗaya a mako ba. In kuma ya zo, shi kaɗai ne mai ɗakin sanyi a garin, farashin a bakinsa yake. Da can ɗan kasuwa ke jiran rana ta take, yanzu mai mabuɗi ne zai jira.

A nan ne ya kamata mu dubi Danmak, ƙasar Turai mai tsananin sanyi, wadda matsalarta kishiyar tamu ce amma tambayarta ɗaya da tamu. Bayan tsadar man fetur ta 1973 ta girgiza su, sun yi dokar ɗumama gidaje a 1979. Yau kusan kashi biyu cikin uku na gidajensu ruwan zafi ne ke zuwa musu ta bututu daga tukunya ɗaya ta gari, kuma mafi yawan kamfanonin da ke wannan aiki mallakar masu amfani da su ne ko na hukumar gari. A garin Marstal da ke wani ƙaramin tsibiri, mazauna ne suka mallaki filin tara zafin rana, suna adana zafin bazara a wani ƙaton rami na ruwa don amfanin hunturu. Abu biyu suka riƙe tsarin. Doka ta ce farashi ba zai wuce abin da aka kashe ba, ba a cin riba a kan ɗumin gidan mutum. Sannan hukumar gari na tsaya wa ƙungiyar lamuni ta samu bashi mai sauƙi na shekaru masu yawa. Ba mu da dukiyar Danmak, amma waɗannan biyun ba dukiya ba ce, rubutu ne a takardar doka.

Mun san abin da ke ranku, don mu ma a nan muke zaune. Kun ga bankunan cimaka da aka buɗe da guɗa, bayan shekara biyu sai ƙofa da kwaɗo. Kun ga famfunan da kwamiti ya cinye kuɗin gyaransu, da injinan niƙa na mata da suka zama wurin kwanan awaki. Wanda maciji ya sara, in ya ga igiya gudu yake. Amma ku duba yadda aka kafa akasarinsu. Furoje ne ya zo da mota fara, ya zaɓi wuri, ya sa a naɗa kwamiti cikin yini ɗaya, aka cika shi da dangin masu faɗa-a-ji, aka ɗauki hoto, aka tafi. Babu wanda ya zuba dala ɗaya tasa, babu asusun gyara, mai gyaran kuma yana Yamai ko ma a wata ƙasa. Wannan ba mallakar jama'a ba ce, kyauta ce marar uba. Ku kwatanta da asusun da mata ke yi duk mako a unguwanninku, shekara da shekaru ba ya rushewa, saboda kowace ta san kuɗinta, ana kuma ƙirgawa a gaban kowa.

Saboda haka abin da wakilanmu za su kai gaban majalisa ya fara ne da doka ƙarama kuma bayyananna: duk ƙungiyar da ta yi rajista a ƙarƙashin dokar ƙungiyoyin haɗin kai ta OHADA ta 2010 tana da ikon kafa sola, ta sayar wa mambobinta da maƙwabtanta sanyi, ƙanƙara, ruwan zafi ko ƴar wutar da ta rage, da takarda ɗaya da za a karɓa a ofishin magajin gari, ba sai an je Yamai ba. Kowane mamba ya sayi hannun jari komai ƙanƙantarsa, kuri'a ɗaya ga mutum ɗaya, ko kwandonsa ɗari ne ko biyu. Farashi ya tsaya kan kuɗin aiki da na gyara. Kason gyara ya shiga asusu dabam wanda ba ya fita sai da sa hannun mutum uku, a kuma karanta lissafi da Hausa a bainar jama'a ranar kasuwa, duk wata uku. Inda mata ne masu sana'ar, kamar nono da ƙuli-ƙuli, su ne za su riƙe shugabanci da ma'aji, ba a naɗa musu mijin wata ba.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce gaskiyar magana. Sola tsadarta a ranar saye take, bayan nan rana ba ta aiko da faktir. Bankunanmu kuwa bashin wata shida ko shekara suke bayarwa da ruwa mai nauyi, su ce a kawo takardar gida. Muna so a buɗe asusun lamuni a hukumar da ke tallafa wa ƙananan hukumomi, ANFICT, yadda kwamin zai iya tsaya wa ƙungiya ta samu bashin shekara bakwai zuwa goma. A 2016 gwamnati ta miƙa wa kwaminoni ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. Makamashin karkara ya kamata ya bi su, da kuɗinsa, ba nauyi kaɗai ba. Sassaucin duwan na 2017 kuma a tabbatar ya haɗa da injin sanyi da kayan gyaransa, a buga jerin kayan da Hausa a manna a ofisoshin duwan na Ɗan Isa, Ƙwanni, Gaya da Ɗan Barto, don mai shigo da kaya ya nuna da yatsa in an ce ya biya.

Gwamnati kanta ta zama mai saye na farko. Kowane ɗakin haihuwa na CSI ya samu na'urar ruwan zafi ta rana, ƙirar gida, a bai wa maƙeran jihar kwangilar. Kada a ƙaddamar da ɗakin sanyi ko ɗaya sai an horar da matasa biyu na garin, an ba su kayan aiki. Samarinmu da ke gyaran firji da janareta a Kano da Legas sun riga sun iya rabin aikin. Cibiyoyin koyon sana'a na kwaminoni su buɗe sashen sanyi da sola, cibiyar makamashin rana ta ƙasa da ta gaji ONERSOL ta riƙa gwada kayan da ake shigowa da su, don kasuwanninmu sun cika da faifai da batura na jabu.

Kansilolin da aka zaɓa ranar 13 ga Disamba na 2020 su ne suka zaɓi magajin gari, su ne kuma suka riƙa amincewa da kasafin kuɗin kwamin da filin da za a ba ƙungiya. Duk ɗan takarar da ya shigo garinku, har da namu, ku tsayar da shi kafin a raba goro. Ku tambaye shi firjin likitar garin na aiki ko ba ya aiki, tun yaushe. Ku tambaye shi ko zai sa hannu kwamin ya tsaya wa ƙungiyar masu lambu lamuni. In ya ce zai kawo muku ɗakin sanyi, ku ce ya faɗi sunan wa za a rubuta a takardar mallaka, da wanda zai riƙe mabuɗi. Ku sa wani mai karatu ya rubuta amsarsa da kwanan wata, limamin gari da shugabar mata su riƙe kwafi.

 Wanda ya gama karanta wannan takarda ya karanta wa maƙwabcinsa, musamman matan gida da masu lambu.